Tambaya da Amsa: Idan Kaya Suka Yi Ɓarna, Wuyan Wa Za a Kama?

Wasiƙun wannan karon kusan duk a wuri ɗaya suka haɗu: har ina ya kamata hukuma ta sa hannu a harkar kasuwanci, wa ke ɗaukar alhaki idan kaya suka cutar da mai saye, da kuma awa nawa ya dace mutum ya yi a bakin aiki. Mun zaɓi biyar daga ciki. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka duk inda muka kawo adadi za mu faɗi inda ake aiki da shi.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, kuma a ganina a ƙyale kasuwa ta tace kanta. Wanda ya sayar da kaya marasa kyau yau, gobe ba mai komawa wurinsa. Mene ne amfanin lasisi da rajista da masu duba kaya, in ban da ɓata lokaci da ƙara tsada?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganarka gaskiya ce, amma a kan wasu kaya kawai. Kayan kasuwa iri uku ne. Akwai wanda ido da hannu ke gane ingancinsa tun kafin a biya, kamar yadi. Akwai wanda sai an yi amfani da shi ake ganewa, kamar takalmi: in ya yage cikin mako biyu, mai saye ya ɗauki darasi, ba zai koma ba. A waɗannan biyun kasuwa tana hukunta mai algus da kanta. Na ukun shi ne wanda ko an yi amfani da shi ba a gane lahaninsa sai aikin gama ya gama: magani, wayar wutar da aka binne a bango, birkin mota, madarar jarirai. Sayen irin waɗannan cinikin biri a sama ne, kuma wanda ya cutu sau da yawa ba ya samun damar “ƙin komawa”.

A 1937 wani kamfani a Amurka ya narkar da maganin sulfanilamid a cikin wani ruwa mai suna dayetilin gilaikol. Ruwan yana da ɗan zaƙi, yana da araha, yana narkar da magani sosai, amma yana kashe ƙoda. Fiye da mutum 100 suka rasu, da yawansu yara. A lokacin babu dokar da ta tilasta a gwada lafiyar magani kafin a kai shi kasuwa, sai a 1938 aka kafa ta. Wannan ruwan dai shi ne ya sake ɓulla a maganin tari a Panama a 2006, da Gambiya a 2022 inda yara kusan 70 suka rasu. Hanyar shigarsa kusan ɗaya ce kullum: ana sayen gangar gilisarin (ruwan da ake haɗa maganin sha da shi) ko makamancinsa, a yarda da takardar da ta zo da ita, ba a gwada abin da ke cikin gangar ba. Uwar da ta ba ɗanta cokali ɗaya ba ta da hanyar sanin haka, komai wayonta.

Sai dai kuma gwaji ma ana yi masa dabara, kuma nan ne ya kamata masu kare dokoki su saurare ka. A ƙasar Sin a 2008, gwajin da ake yi wa madara ba furotin yake aunawa kai tsaye ba. Sinadarin naitirojin yake aunawa, sannan a yi lissafi a fitar da yawan furotin. Masu algus suka gane haka, suka riƙa tsarma madara da ruwa suna zuba melamin, wanda kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa naitirojin ne. Madarar ta riƙa cin jarrabawa, jarirai kusan 300,000 suka kamu da ciwon ƙoda, aƙalla shida suka rasu. Takarda ta cika, hatimi ya hau, kaya kuma guba ne.

Saboda haka muhawarar “doka ko babu doka” ba ta kai mu ko'ina. Duk dokar da aka ɗora maka, ka auna ta da tambaya uku. Wace ɓarna take hanawa? Akwai wanda yake zuwa ya auna kayan da gaske, ko kuɗi kawai ake karɓa a buga hatimi? Sannan nauyinta daidai yake da girman haɗarin, ko mai saƙa tabarma da mai haɗa allura takarda ɗaya suke cikewa? Lasisin da ake sabuntawa duk shekara ba tare da an duba komai ba haraji ne da aka sauya wa suna, kuma kana da gaskiya ka yi ƙorafi a kansa. Tun 1971 masanin tattalin arziki George Stigler ya yi bayanin yadda manyan kamfanoni kan mallake hukumar da aka kafa don sa musu ido, har su riƙa goyon bayan sharuɗɗa masu tsada domin ƙananan abokan gasa su kasa shigowa. Irin wannan dokar a gyara ta ko a soke ta. Amma wadda ta ce a gwada ganga kafin a zuba a kwalbar yara, ba mu ga hujjar taɓa ta ba.

Tambaya: Ina sayar da kayan lantarki. Wata mata ta sayi butar dafa ruwa a wurina, bayan wata biyu ta kama da wuta ta ƙone mata hannu. Yanzu ta ce ni zan biya. Ni ba ni na ƙera ba, a kwalinta na saro ta, a kwalinta na sayar. Ina laifina?

Amsa: Allah Ya ba ta lafiya, ke kuma Hajiya Allah Ya kiyaye gaba. Akwai hanya biyu da mai saye kan bi, kuma mutane suna yawan cakuɗa su.

Ta farko hanyar ciniki ce. Ke kika karɓi kuɗinta, don haka a dokokin ƙasashe da yawa ke ce kika yi mata alkawari, ko da ba ki furta ba, cewa kayan za su yi aikin da aka saye su dominsa. Idan ba su yi ba, gyara ko canji ko mayar da kuɗi a wuyanki yake. Daga nan ke kuma ki juya kan wanda kika sara a wurinsa, shi ma ya juya kan na gabansa. Rubuta “ba a dawo da kaya” a rasit ba ya goge wannan haƙƙin a inda dokar kare masu saye take aiki, musamman in an ji rauni.

Ta biyu hanyar diyyar rauni ce, wadda take tsallake mai shago ta je kan mai ƙerawa. Asalinta a dokar Birtaniya wata shari'a ce da ta samo tushe a 1928 a garin Paisley na Sikotland. An saya wa wata mata, May Donoghue, lemon kwalba, kwalbar kuma ba a ganin cikinta. Ta ce bayan ta sha wani ɓangare, da aka juye ragowar sai ga ruɓaɓɓiyar katantanwa. Matsalarta ita ce ba ita ta biya kuɗin ba, don haka babu ciniki tsakaninta da kowa. A 1932 kotun ƙoli ta ƙasar, da rinjayen alƙalai uku a kan biyu, ta yanke cewa mai ƙera kaya yana da nauyin kula da lafiyar duk wanda kayan za su isa hannunsa, tunda shi ya rufe kwalbar kuma ba wanda zai iya dubawa a hanya. Wannan hujjar ita ce ginshiƙin maganar gaba ɗaya: alhaki yana bin wanda yake da ikon gani da ikon hanawa.

A 1985 Tarayyar Turai ta ƙara gaba. Wanda ya ji rauni ba sai ya tabbatar da sakacin kamfani ba. Abu uku kawai zai nuna: kayan suna da lahani, ya cutu, kuma lahanin ne ya jawo cutar. Yana da shekara 3 daga ranar da ya sani ya shigar da ƙara, haƙƙin kuma yana faɗuwa bayan shekara 10 da fitar kayan kasuwa. Ga ɓangaren da ya shafe ki: a wannan tsarin wanda ya shigo da kaya daga waje ana ɗaukarsa tamkar shi ya ƙera, haka ma wanda ya manna sunansa a kan kayan wani. Mai shago kuwa yana fita ne idan ya iya nuna wanda ya ƙera ko wanda ya sayar masa. In ya kasa, shi ne zai tsaya a madadinsu. Ke nan rasit ɗin sari shi ne garkuwarki.

Lahani kansa iri uku ne, kuma gane irinsa yana nuna yawan kayan da abin ya shafa. Akwai na ƙira, inda zanen yake daidai amma wani rukuni ya fito a karkace, misali an bar wata waya ba a ɗaure sosai ba. Akwai na zane, inda kowace buta irin wannan take ɗauke da matsalar, misali babu abin da ke yanke wuta idan ruwa ya ƙone. Akwai kuma na rashin gargaɗi, inda ba a rubuta ƙarfin wutar da kayan ke ɗauka ko abin da bai kamata a yi da su ba.

Abin da za ki yi yanzu: kada ki jefar da butar, kada kuma ki bari a buɗe ta ko a gyara. Ki ɗauki hotonta, da filoginta, da lambobin da ke ƙarƙashinta. Ki sauke sauran irinta daga kanta ki ajiye gefe. Ki sanar da wanda kika sara a wurinsa a rubuce, da kwanan wata, ki riƙe kwafi. Ki nemi sauran waɗanda suka saya in kina da hanyar samunsu. Sannan ki ga lauya kafin ki sa hannu a kowace takarda. Mafi munin abin da za ki yi shi ne ci gaba da sayar da ragowar bayan kin sani, don daga wannan lokacin sakacin ya zama naki na kanki.

Tambaya: Muna da ƙaramar masana'antar sabulu da man shafawa, ma'aikata 12. Ba mu da ɗakin gwaji irin na manyan kamfanoni. Me za mu iya yi da ɗan abin da muke da shi?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ya fi kare ƙaramar masana'anta littafi ne da alƙalami, kafin a zo ga na'ura. Kowane zubi a ba shi lambarsa, a buga ta a jikin kowace roba. A littafi a rubuta ranar zubin, wanda ya haɗa, nauyin kowane sinadari kamar yadda sikeli ya nuna, da lambar gangar da aka ɗebo shi. Sannan a rubuta dilan da aka ba kowane kwali. Ƙa'idar ita ce taki ɗaya baya, taki ɗaya gaba: ka san daga wa ka karɓa, ka san wa ka ba. Ranar da ƙorafi ya zo, mai wannan littafin zai janye zubi ɗaya ne kawai. Wanda ba shi da shi sai ya janye komai, ko ya yi shiru yana addu'a.

Daga kowane zubi a ware roba biyu ko uku a rufe, a ajiye har wa'adin kayan ya wuce. In wani ya ce man ya ƙona masa fata, da wannan za a gwada a gane ko daga wurinku ne, ko jabu ne, ko ajiyar rana ce ta lalata shi.

Kan duba samfur kuma, mutane suna ruɗin kansu. A ce cikin roba 1,000 akwai 20 masu lahani. In ka ɗebi 10 ka duba, kusan sau 8 cikin 10 ba za ka ci karo da ko ɗaya ba. In ka ɗebi 80, damar kuɓucewarsu ta sauko kusan sau 2 cikin 10. Sai ka kai wajen 150 kafin ta koma ƙasa da sau 1 cikin 20. Kuma a ɗebo daga farko da tsakiya da ƙarshen zubi, kada a tsaya kan kwalin da ke bakin ƙofa. Wannan lissafin ne ya sa tsare hanyar haɗawa ya fi dogaro da dubawar ƙarshe: a gwada sikeli da ma'aunin da aka san nauyinsa kowace safiya, a auna kaifin soda a sabulu kafin a naɗe, kada a sauya mai kawo sinadari ba tare da an yi ƙaramin zubin gwaji ba.

Wuri mafi haɗari shi ne lokacin gaggawa. A 2016 Samsung ya janye wayar Galaxy Note 7 kusan miliyan 2.5 saboda batir yana kama wuta: a batiran kamfani na farko gidan batirin ya matse kusurwa har faifan ciki ya lanƙwashe. Aka yi sauri aka maye gurbinsu da na wani kamfanin, su kuma aka samu tsinin walda yana huda siririn shamakin da ke raba ɓangarorin batir biyu. Dole aka dakatar da wayar gaba ɗaya. In gaggawa ta yi wa mai ɗakunan gwaji haka, mai ma'aikata 12 ya kamata ya ji tsoron odar da ta fi ƙarfinsa.

Tambaya: Wai wa ya ce awa takwas? Idan ma'aikaci ya yarda da bakinsa zai yi awa 12 kullum don ya ƙara samu, ina ruwan hukuma?

Amsa: Ba daga sama ta faɗo ba, Malam. Tun 1817 Robert Owen, wanda shi kansa mai masaƙa ne a Birtaniya, ya yi kiran a raba yini uku: takwas aiki, takwas hutu, takwas barci. A watan Mayun 1886 ma'aikata a Shikago suka yi yajin aiki kan wannan buƙata, aka zubar da jini, kuma daga nan ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu ta samo asali. A 1919 yarjejeniya ta farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar ita ce ta awa 8 a rana da 48 a mako a masana'antu. A 1926 kamfanin Ford ya koma kwana biyar, awa 40. Yau a Tarayyar Turai iyakar ita ce matsakaicin awa 48 a mako har da ƙarin lokaci, da hutun awa 11 a jere kowace rana, da hutun shekara na mako huɗu da albashi.

Maganar yarda kuma, a duba ta da kyau. Wanda yake da iyali, ga mutum goma a bakin ƙofa suna jiran gurbinsa, in ya ce “na yarda” ba lallai zaɓi ya yi ba. Ko mun ɗauka ya yarda da zuciya ɗaya, gajiyarsa ba a kansa kaɗai take ƙarewa ba. Binciken da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, hankalinsa da saurin hannunsa suna raguwa kamar na wanda ya sha giya har ta kai ma'aunin da ƙasashe da yawa suka haramta tuƙi da shi. Fasinjan da ke bayan direba bai sa hannu a wannan yarjejeniyar ba, haka majinyacin da ke gaban ma'aikaciyar jinya. Shi ya sa a Turai direban babbar mota ba ya wuce awa 9 yana tuƙi a rana, sai sau biyu a mako da aka yarda ya kai 10, kuma dole ya huta minti 45 bayan awa huɗu da rabi, ga na'ura a motar tana rubuta komai.

Ga lafiyar ma'aikacin kansa, Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago sun fitar da ƙiyasi a 2021 cewa a 2016 mutum 745,000 suka rasu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu alaƙa da aikin awa 55 ko fiye a mako. Japan, inda har suna suka raɗa wa mutuwa saboda yawan aiki, ta sa iyakar ƙarin lokaci daga 2019: awa 45 a wata, 360 a shekara, sai a yanayi na musamman.

Abin da masu kamfani ba su cika lissafawa ba shi ne su ma asara suke yi. Lokacin yaƙin duniya na farko an riƙa rubuta awanni da yawan abin da ma'aikatan masana'antar harsashi a Birtaniya ke fitarwa. Da masanin tattalin arziki John Pencavel ya sake nazarin alƙaluman, ya ga cewa har wajen awa 49 a mako aiki yana ƙaruwa daidai da lokaci, daga nan sai ya fara ja da baya, har abin da ake samu a awa 70 bai fi na awa 56 da wani abin kirki ba. Awa 14 ke nan na wahalar banza. Kuma wayar nan da aka bari ba a ɗaure ba a cikin butar Hajiya, in aka bi sawu, ba abin mamaki ba ne a tarar a ƙarshen dogon yini aka haɗa ta. Mun yarda akwai lokutan da aiki ke matsowa, dole a ƙara awanni na mako ɗaya ko biyu. Dokokin da suka yi kyau sun bar wannan ƙofar, shi ya sa suke lissafi da matsakaici na watanni. Abin da suke hanawa shi ne a mayar da gaggawa ta zama tsarin kullum.

Tambaya: Maigidana a wurin aiki yana sa mu wuce lokaci, ga saƙonnin aiki a waya har tsakar dare, amma ƙarshen wata albashi bai canja ba. In na yi magana sai ya ce ina shaida?

Amsa: 'Yar'uwa, ki fara tara shaidar daga gobe. Ki sami ɗan littafi, kowace rana ki rubuta lokacin shiga, lokacin fita, hutun da kika samu, da wanda ya ce ki tsaya. A ranar za ki rubuta, kada ki bari sai ƙarshen mako. Saƙonnin waya kada ki goge, ki ɗauki hotonsu yadda lokaci zai fito, ki ajiye kwafi a wani wuri da ba wayar ofis ba. Ki nemi takardar ɗaukarki aiki ki ga awa nawa aka rubuta da abin da ta ce kan ƙarin lokaci.

Yadda ake lissafi ya danganta da dokar ƙasa da yarjejeniyar aiki. A Amurka, ƙarƙashin dokar 1938, ma'aikacin da dokar ta shafa ana biyansa ɗaya da rabi kan duk awar da ta haura 40 a mako: in ya yi 50, goman nan ta zama 15, sai a biya shi kuɗin awa 55. A wasu ƙasashen hutu ake ramawa da shi. Ajiye lissafin ma asali nauyin mai aiki ne: a 2019 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa dole ƙasashenta su tilasta wa masu ɗaukar aiki kafa tsarin rubuta awannin kowane ma'aikaci a kullum. Faransa kuma tun 2017 ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su tattauna da ma'aikatansu kan ƙa'idar kashe wayar aiki bayan an tashi.

In kin tara na wata ɗaya ko biyu, ki rubuta masa takarda cikin ladabi, ki jera ranaku da jimillar awanni, ki nemi a biya ko a rama miki da hutu. In akwai abokan aiki da abin ya shafa, ku sa hannu tare, don ya fi wuya a ware mutum biyar fiye da mutum ɗaya. In bai amsa ba, sai ƙungiyar ƙwadago ko ofishin kula da ma'aikata, kuma ki tambaye su wa'adin shigar da ƙorafi tun a zuwan farko, domin irin wannan haƙƙin yana da ranar da yake faɗuwa.